Sharhi Ba Sai An Karanta Ba: Jagora ga Mai Jego

Ke mai jego, ke da rabonki da barci mai daɗi tun ranar da naƙuda ta kama ki, kawo goron albishir. In kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari kafin ki yi arba'in za a riƙa neman ra'ayinki a kan duk littafin da ya shigo gari, alhali ko bangonsa ba ki ɗaga ba. Ba ji na yi an ce ba, gwadawa na yi. Shekara huɗu ke nan ni ce shugabar zauren karatu na matan Unguwar Dabo a WhatsApp, mu talatin da bakwai, kuma ban taɓa kai littafi ko ɗaya ƙarshe ba. Har yau ba wadda ta taɓa yi mini gyara.

Zan riƙa yi miki misali da ɗalibata Ramlat, matar Sama'ilu mai gyaran injin ban-ruwa a Tsanyawa. Ita ce mafi hazaƙa a duk waɗanda na koyar, ita ce kuma ta fi ba ni kunya a ƙarshe.

Littafin da aka sha sharhi a kansa bana sunansa Danga Ɗaya, labarin ƙawaye biyu masu jego, Dije da Asabe. Wadda ta rubuta shi Hafsatu ce, aminiyar Ramlat tun suna tallan gyaɗa. Gidajen iyayensu dangar kara ce kawai ta raba. Shekara uku da suka wuce suka yi haihuwar fari a sati ɗaya, kowacce a gaban uwarta, tukunyar wanka ɗaya ake kai wa da kawowa. Ramlat ta samu Tasi'u, Hafsatu ta samu Maimuna, kuma tun ranar suna Inna Hure, uwar mijin Ramlat, take kiran yarinyar matar Tasi'u. Daga baya Hafsatu ta bi mijinta Bici, ta shiga kwaleji, ta kama rubutu. Da Ramlat ta sake haihuwa bana, daidai cirar gyaɗa, Hafsatu ba ta zo barka ba, ba ta zo suna ba, wai jarrabawa. Sai ta aiko turmin atamfa da littafi ta hannun direban bas, da saƙon cewa tana nan tafe ranar arba'in.

Atamfar ta tafi wajen tela a ranar. Littafin kuwa shi ne darasinmu.

Mataki na ɗaya: Ki ba littafin aikin yi

Littafin da ke zaune ba aiki shi ke jawo tambaya. In aka gan shi a kan durowa tsaf, ba ko lanƙwasa, makaho ma ya san ba a taɓa shi ba. Saboda haka ki sa shi hidima.

Ramlat ta samu akuya ta cinye gefen faifanta, sai ta mai da Danga Ɗaya murfin kwanon kunun kanwa. Safe da yamma yana shan tururi. Cikin sati ɗaya bangon ya yi laushi, ya kumbura, ya yi zobe ruwan kasa a tsakiya. Duk wanda ya gan shi sai ya rantse an karanta shi sau bakwai. 'Yan barka kuwa in suka shigo suka gan shi a gefen katifa sai su ce, kun ga aminiyar marubuciya, ko kunu ba ta sha sai da littafin nan. Kuma gaskiya suka faɗa.

Ki riƙe wannan: mai hikima ba ya ƙarya in dai akwai gaskiyar da za ta yi masa aikin ƙaryar.

Mataki na biyu: Ki haddace jimla uku

Ta farko: "Gaskiya akwai darasi." Ba a taɓa buga takardar da ba darasi a cikinta ba, ko kalandar mai shago ce.

Ta biyu: "Marubuciya ta taɓo mana inda yake mana ƙaiƙayi." Ba wadda za ta tambaye ki ina ne.

Ta uku ita ce uwarsu. Ki yi ajiyar zuciya, ki kalli ƙasa, ki ce, "Ni dai ƙarshen nan…" sai ki yi shiru. Wadda ta ji daɗin ƙarshen za ta ce wallahi, wadda ta ji haushinsa ita ma za ta ce wallahi, kowacce ta tafi gida tana cewa ra'ayinku ɗaya.

In aka matsa miki, ga jariri nan. Ki leƙa zaninsa, ki ce ya ɓata. Ba macen da za ta ce ki bari ki gama sharhi tukuna. A waya abin ya fi sauƙi: hoton fuska mai kuka guda uku, ki kashe data. Akwai ranar da Ramlat ta tura saƙon murya na minti biyu jaririnta yana canyara kuka, ba kalma ɗaya da ta fito. Mata shida suka amsa mata da cewa ta faɗi gaskiya tsakaninta da Allah. A ranar na san yarinyar nan za ta yi nisa.

Mataki na uku: Ki bar masu karantawa su yi miki noma

Waɗanda suka karanta ba sa iya riƙe bakinsu. Ki shimfiɗa musu tabarma, ki tura musu ƙwaryar gyaɗa su taya ki ɓara, ki kasa kunne.

A tsakar gidan Ramlat an ji ra'ayi kala-kala. Wata ta ce ta karanta tun daga bismilla har tammat ba ta ga mota ko ɗaya ba, ba alhaji, ba wanda ya ce wa wata ina son ki, to ita da za ta zauna ta karanta labarin itace da ruwan zafi ai gara ta leƙa bayan ɗakinta. Wata ta ce mazan littafin ba su da aiki sai kawo itace su fita, sai aka ce mata to ina ƙaryar take. Jikar unguwarzoma ta ce marubuciya ta yi kuskure babba, ta sa an dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya tun ranar farko, alhali a gidansu da na tsamiya ake farawa, kuma wannan kuskuren ya sa ta daina yarda da sauran labarin. Malamar islamiyya ta ce littafi ne mai tsafta, za a iya bari a tsakar gida, sai dai Asabe ta shiga banɗaki har sau biyu ba a rubuta ta yi addu'a ba. Wata amarya mai tsohon ciki ta ce tunda ta karanta wajen da aka tsula wa Asabe ruwan zafi take roƙon a bar ta ta yi jego a asibiti.

Ki tsinci ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Gobe in wasu suka zo, ki sayar musu a matsayin naki. Ramlat ta gaya wa 'yan Litinin zancen tsamiya, ta gaya wa 'yan Laraba zancen mota, ta gaya wa malama cewa ita ma addu'ar nan ta tsaya mata a rai. Kafin sati biyu ana cewa ba wanda ya fahimci littafin nan kamarta.

A kowane gari akwai mace ɗaya mai haɗari, wadda ta karanta da gaske har tana tuna lambar shafi. Tamu sunanta Rukayya. Ki san taki, ki zaunar da ita nesa da ke, kusa da hayaƙi.

Mataki na huɗu: Kada ki bari a ba ki labari

Wannan ne ginshiƙin sana'ar. Wadda ta tsaya ana ba ta labari ta nuna ba ta sani ba.

Duk hirar littafin nan, in ta yi nisa, wuri ɗaya take zuwa ta tsaya: abin da Dije ta yi a shafi na tamanin da ɗaya. Da an zo nan sai muryoyi su yi ƙasa. A saci kallon Inna Hure, wadda kullum tana gindin bishiya da ƙwaryarta, a saci kallon Ramlat, wata ta ja mayafi ta rufe baki, wata ta share ido. Ba mai faɗin abin, sai dai a ce, "ke dai bari, abin nan."

Rannan Rukayya ta matso har gefen katifa, ta rage murya, ta ce ita wurin da ya fi karya mata zuciya shi ne lokacin da Dije ta tashi da asuba ta je ta…

"Ke Rukayya," in ji Ramlat, "ni za ki ba labarin littafin Hafsatu?"

Rukayya ta haɗiye sauran maganarta, ta ce haka ne, ta nemi afuwa. Ina wurin. Don daɗi sai da na ƙara wa kaina kunu.

To, me Dije ta yi? Ba sai kin sani ba. Shekara huɗu ina wannan aiki, na gane in mata suka rage murya a kan shafin littafi, to an ci amanar wata. Haka na gaya wa Ramlat, ta kuma yarda da ni, don ni ce malamarta.

Mataki na biyar: Ki tsani wadda ta fi kama da ke

A nan zan ɗan faɗi abin da ban cika faɗa wa ɗalibai ba. Ramlat ba lalaci ne ya hana ta karatu ba, irin nawa. Ta gama sakandare a Tsanyawa, ita ke karanta wa rabin unguwa takardar asibiti. Tsoro ne ya hana ta.

Daga gutsattsarin hira ta ji Dije tana da wushirya. Ta ji tana da baki. Ta ji ba ta fara magana sai ta ce "yo to." Ramlat tana da wushirya, tana da baki, kuma ba a taɓa jin ta fara magana ba tare da "yo to" ba. Sannan akwai abin da ita ta san ta yi. Bara, a bakin rijiyar burtsatse, gaban mata sun fi goma, ta ce boko ya hau wa Hafsatu kai, ta manta da waɗanda suka sha kunu da ludayi ɗaya, yanzu in ta zo gari warin hayaƙi take ji a jikinsu. Haushin Hafsatu ta daina kiranta a waya ne ya sa ta faɗa, kuma kafin ta sauke tulu a gida ta yi nadama. Amma daga Unguwar Dabo zuwa Bici magana ba ta biyan kuɗin mota.

Sai ta haɗa biyu da biyu: Hafsatu ta ji, ta yi shiru, ta zauna ta rubuta ta a littafi, duniya tana karantawa tana rufe baki. Ramlat tana son Hafsatu fiye da yadda take son wasu 'yan uwanta na jini. Ta gwammace ta zauna cikin zargi da ta buɗe shafi ta tabbatar an daina son ta. Kullum ta ɗaga littafin don zuba kunu, sai ta yi maza ta mai da shi.

Ta kawo mini kukanta, na ba ta shawarar da nake ba kowa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, saboda haka ki riga kowa cewa as. Ki zama kan gaba wajen sukar Dije, ba mai cewa ke ce.

Da yamma Ramlat ta rubuta a zaure: "Ni dai Dije ba ta kyauta ba." Zauren da ba ya shiru ko ranar da aka ɗauke wuta ya yi tsit. Rukayya ta turo alamar tambaya guda ɗaya. Can wata ta rubuta, "Allah sarki, kawaici." Ban gane abin da take nufi ba, amma na san shirun jama'a alamar an rinjaye su ne.

Mataki na shida: Kada ki damu da wadda ba ta iya karatu ba

Tsofaffi ba su da haɗari. Inna Hure ba ta san bihim ba a boko. Wuni take a gindin bishiya tana ɓarar gyaɗa, 'yar wayarta a cikin ƙaramar ƙwarya don sauti ya fito, wata murya tana ta magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka wa'azi ne. Ban san yanzu har littafi ake karantawa a zuba a waya ba, don ba ni da lokacin bin irin waɗannan abubuwan, sharhi ya yi mini yawa.

Na dai lura da abu biyu, ban ba su muhimmanci ba. Ta daina tambayar Tasi'u yaushe zai je Bici gaida matarsa. Sannan ta fara ajiye wa Ramlat tsokar da ta fi kowace laushi a cikin ƙauri, abin da ba ta yi ba a haihuwar fari. Wata safiya bayan wanka ta dubi surukarta ta ce, "Yarinya, kin karanta littafin nan kuwa?"

Ramlat ta sunkuyar da kai. "Gaskiya akwai darasi, Inna."

"Akwai kam," in ji tsohuwa, ta ci gaba da ɓararta.

Kin ga ke nan jimlar tana aiki har a kan uwar miji.

Mataki na bakwai: Ranar da marubuciya ta zo, ki buɗe murya

Marubuta mutane ne masu rauni. Ba gaskiya suke nema ba, so suke su ji an yi magana mai tsawo a kansu. Kada ki yi rowa.

Ranar arba'in Ramlat ta yi wankan ƙarshe, ta sha lalle, ta ɗaura atamfar da aka aiko mata. An yi waina, gida ya cika. Kafin azahar Hafsatu ta sauka daga bas ta ƙaraso a babur, riƙe da hannun Maimuna. Ta rame, idonta ya faɗa irin na masu jarrabawa. Ta durƙusa ta gaida Inna Hure, ta karɓi jariri ta yi masa addu'a, suka gaisa da Ramlat gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi in akwai maganar da ba a so a fara. Tasi'u da Maimuna kuwa ba su tsaya gaisuwa ba, suka nufi wajen akuya.

Bayan an ci an sha aka zo kan littafi. Kowa ta sauke kayanta. Mai neman mota ta nemi mota, jikar unguwarzoma ta kawo ƙarar tsamiya, malama ta kawo addu'a. Hafsatu tana murmushi, tana cewa ta gode, za ta gyara. Sannan ta juya ta dubi Ramlat.

"Duk na ji. Naki nake jira tun daga Bici."

Ramlat ta ce akwai darasi. Ta ce an taɓo inda yake musu ƙaiƙayi. Ta yi ajiyar zuciya ta ce ita dai ƙarshen nan, ta yi shiru. Komai daidai yadda na koya mata. Amma Hafsatu ba ta ce wallahi ba.

"Dije fa?" ta ce.

Na yi wa Ramlat ido, alamar ta buɗe murya. Ta buɗe, sai dai ba yadda muka shirya ba. A ranta ta ga ga dama ta samu ta roƙi gafarar maganar bakin rijiya ba tare da ta ambace ta ba. Ta ce, "Yo to, Dije ai wauta ta yi. Abin da ta yi mai hankali ba za ta yi shi ba. Kuma in da gaske akwai ta a duniya, na rantse kullum cikin nadama take kwana. Da ana mai da jiya yau, wallahi ba za ta sake ba."

Ba wadda ta ƙara tauna waina. Rukayya ta dafe kai. Murmushin Hafsatu ya tsaya a fuskarta na ɗan lokaci, kamar bai ji an sallame shi ba, sannan ya tafi. Ta kira Maimuna daga wajen akuya, ta jawo ta jikinta, ta kakkaɓe mata riga, ta daɗe tana kakkaɓewa.

"Ban san ya yi miki nauyi haka ba," ta ce a hankali. "Ki yafe mana, ni da ita."

Ta miƙe, ta ce bari ta ɗauko jakarta kada motar la'asar ta wuce. Ramlat ta bi ta da ido, ba ta gane abin da ya shigo da yarinya cikin zancen ba. Ni ma ban gane ba, amma na gyaɗa kai irin na wadda ta gane, don haka ƙa'ida ta ce.

Jakar tana ɗakin mai jego. Kusa da jakar akwai kwanon kunu, a kan kwanon akwai Danga Ɗaya. Muna hango ta daga tsakar gida. Ta ɗauke shi, ta fito da shi a hannu, ta ce bari ta rage mata kaya. Ta sa babban yatsa za ta buɗe, ina jin don ta kalli shafin nan kallon ƙarshe. Littafi ya ƙi. Ta juya shi ta gwada ta baya, ya ƙi. Tururin kunun wata guda ya manne shafukan sun zama curi ɗaya, kamar ƙuli-ƙuli.

Hafsatu ta dubi littafi, ta dubi zoben da ke bangonsa, ta dubi Ramlat. Sai ta zauna daɓas a bakin ƙofa, da sabon leshinta, tana dariya hawaye yana zuba.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ba ki karanta ba."

Na ga marubuta da yawa a waya. Ban taɓa ganin wadda ta gode wa Allah don an ƙi karanta littafinta ba sai ranar.

Mataki na takwas: In asiri ya tonu, ki musa

Akwai mafita ko a nan. Ki ce a waya kika karanta. Ki ce na Rukayya kika ara. Ki leƙa zanin jariri. Duk na koya wa Ramlat waɗannan, kuma jaririn yana cinyarta, a shirye.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ban karanta ba. Tsoro na ji." Sannan a gaban uwar mijinta da mata sun fi ashirin ta kwashe maganar bakin rijiya ta faɗa, har da warin hayaƙi, wanda ba wanda ya tambaye ta. Ta ce ta ɗauka shi aka rubuta.

Hafsatu ta share ido ta ce wannan ai tun bara aka kai mata shi, mutum uku ma, kowacce da ƙarinta. Ta ce ta yi kuka kwana biyu, rana ta uku ta ga gaskiya aka faɗa, ta yi nisa, ta daina kira. Ita kuma baki ba ya yi mata daɗin magana, shi ya sa ta ɗauki biro.

Abin da tururi ya manne, tururi ke buɗe shi. Ruwan wankan ƙarshe bai gama hucewa a tukunya ba, aka ƙara itace biyu, aka riƙe littafin a sama, Rukayya ta bi shi da bakin wuƙa a hankali har ta kai tamanin da ɗaya, ta miƙa wa Ramlat. Ramlat ta dubi Inna Hure. Tsohuwa ta ce ta karanta da ƙarfi, ba sauran kunya, ita ta saurare shi sau uku a ƙwarya.

Ga abin da ke shafin, tunda dole aka sa na ji. Zazzaɓi ya kama Asabe bayan suna, nononta ya ɗauke. Dangin mijinta suka fara cewa nonon ba shi da kyau, gwaggonsa ta ce in aka kai Juma'a yarinya ba ta daina kuka ba za ta ɗauke ta ta tafi da ita can garinsu ta raina. Da asuba Dije ta je bayan ɗaki, ta zare kara uku daga danga, ta miƙa hannu ta ce, "Yo to, miƙo ta." Safe, rana da yamma ana miƙo jaririya ta wannan ɓula, tana sha tana komawa, kwana ashirin da shida, har Asabe ta warke nono ya dawo. Ba wanda ya lura, don mai ɗan fari dama a ɓoye take shayarwa saboda kunya. Ranar Juma'a gwaggo ta zo ta tarar da yarinya tana barci, ciki ya cika, ta koma ita kaɗai.

Wannan ne abin da matan suke rage murya a kansa. Ba amana aka ci ba. Zancen nono ne a gaban uwar miji, kuma kowa ta gane wushiryar.

Ramlat ta kai ƙarshen shafi, ta ɗago kai. Duk tsawon jegon nan tana lissafin laifuffukanta, wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba, don ita ba ta taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

"Yo to, wannan har labari ne?" ta ce. "Yarinya tana kuka, abu yana zuba."

Daga nan ta miƙa hannu, Maimuna ta zo, ba ta san dalili ba, da kashin akuya a ƙafarta, Ramlat ta haɗa ta da jaririn a cinya ɗaya. Hafsatu ta matso ta zauna a gefen tabarmar, kafaɗa da kafaɗa, ta ce ta so ta nemi izininta kafin a buga, ta ji tsoron za ta hana, kuma abin ba na ɓoyewa ba ne har yara su girma.

Inna Hure ta ture ƙwaryarta gefe. "To, kun ji da kunnenku. Daga yau kada in sake jin an ce matar Tasi'u. Ƙanwarsa ce, nono ɗaya suka sha. Shekara uku ina ɗaura aure da bakina, ku biyu kuna kallona kuna cewa amin."

Motar la'asar ta wuce ba Hafsatu. Ta washegari ma haka. Da na leƙa rana ta uku na tarar da su a bayan ɗaki suna buɗe sauran shafukan da wuƙa, Ramlat tana karantawa tana gardama, wai ita ba ta taɓa cewa kunun Inna ya yi tsami ba, Hafsatu tana cewa ta faɗa. An sayo sabon faifai. A nan na san na yi asarar ɗaliba.

Hattara

Mai wannan jagora ba ta ɗauki alhakin komai ba. In kunu ya manne miki littafi, tsakaninki da kununki. In kika zagi kanki a gaban jama'a, bakinki ne. In kika bi matakan nan kika rasa ƙawa, ban san ki ba. In kika kauce musu kika same ta, ba ni na aike ki ba, kuma kada ki zo mini da kuka irin na Ramlat, don ranar sai da hayaƙin tukunya ya shiga mini ido har gida.

Masu tambayata ra'ayina a kan Danga Ɗaya kuwa, littafin nawa yana nan, na ɗora ƙafar gado a kai don ƙasan ɗakina ba daidai take ba. Gaskiya akwai darasi. Ni dai ƙarshen nan…